Ku Tambayi Mama: "Shekara uku ana ce min wannan shekarar tawa ce"

Salama gareku 'ya'yana da ƙannena. Tunda aka shiga sabuwar shekara saƙonnin da suke shigo min kusan duk maganarsu ɗaya ce kamar kun haɗa baki. Na ɗauki uku, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na farkon ma sai da na ɗan rage masa tsawo dan ya kusa cinye shafin shi kaɗai.

TAMBAYA

Mama barka da war haka, ya sanyi ya ƙoƙari. Dan Allah kiyi haƙuri, sau uku ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Ni ɗan shekara 29 ne, ina Samaru a ɗakin da na taso a gidan iyayena. Na shiga jami'a a 2016 da lissafin 2021 na gama, sai ga korona ga yajin aikin malamai na 2020, muna murnar an koma sai ga na 2022 da ya cinye mana wata takwas cur, sai 2023 na samu na fito, nayi bautar ƙasa na dawo da satifiket a cikin leda kuma har yau yana cikin ledar. Intabiyu biyu kacal aka taɓa kirana, kuma yanzu duk tallan aikin da na gani sai an sa iyakar shekaru, ni kuwa yajin aiki ya riga ya cinye min nawa. Bara wani mutum da muke sujada tare yace yana da hanya a wata ma'aikata, mamana ta kwashe adashenta kaf ta bashi, tun watan Yuni wayarsa a kashe take. Yarinyar da muka shekara huɗu tare an ɗaura mata aure a Disamban nan, ban ga laifinta ba, me zata zauna tana jira. Yanzu POS nake yi a ƙarƙashin lema a Kwangila, in na hango wanda muka yi aji ɗaya sai in sunkuyar da kai kamar ina ƙirga kuɗi.

Abun da yafi ci min rai Mama, shekara uku a jere ina zuwa addu'ar daren shiga sabuwar shekara ana cewa wannan shekarar taku ce ku karɓa, ina ihun amin, nayi azumin Janairu, na shuka iri, wato baiko a coci, da ɗan abun da nake da shi, Irmiya 29:11 ma na manna ta a ƙofar ɗakina. Bana da aka sake faɗa sai naji bakina ya kasa cewa amin. Allah ya manta dani ne, ko wani zunubi nayi, ko gaskiyar gwaggona ce da take cewa daga ƙauye ake bina? Wallahi ko coci bana son zuwa yanzu.

Ɗanki daga Samaru

AMSA

Ɗana sannu, sannu ƙwarai. Bari in fara sallamar gwaggo tukuna. Babu mai binka daga ƙauye. Yajin aikin da ya zaunar da kai ya zaunar da ɗaliban jami'o'in gwamnati daga Sakkwato har Kalaba, Kirista da Musulmi, mai azumi da mara azumi, in mayu ne toh lallai aikin yayi musu yawa. Maganar zunubi kuma ka buɗe Yahaya sura 9, almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambayi Yesu wa yayi zunubi, shi ko iyayensa, yace ba shi ba, ba kuma iyayensa ba. In akwai abun da zuciyarka take tuhumarka a kai ka tuba, wannan aikin kullum ne, amma kar ka zauna kana tonon laifin da babu dan kawai ka samu inda zaka rataya wahalarka.

Sai sitikar ƙofar ɗakinka. Ayar nan tana bayan keke napep, tana kalandar zumuntar mata, tana katin biki, ni ma akwai ta a falona, amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa karanta ayar da take samanta? Ina so yau da daddare ka karanta sura 28 da 29 gaba ɗaya, basu da tsawo. Mutanen da aka rubuta wa wannan magana bayi ne da Nebukadnezzar ya kwasa daga Urushalima zuwa Babila, sun rasa gida sun rasa gona sun rasa Haikali. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya miƙe a gaban jama'a yace nan da shekara biyu an gama, kowa zai dawo, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban mutane dan su gani da ido. Kaga wa'azi mai daɗi kenan, da ni da kai muna wurin da mun yi ihun amin, ai shi kansa Irmiya sai da yace amin, Allah yasa haka. Amma ba Allah ne ya aiko Hananiya ba, kuma a cikin shekarar ya mutu. Wasiƙar da Irmiya ya aika wa bayin nan ita ce sura 29, kuma aya ta 10 cewa tayi shekara saba'in. Ka lissafa, wanda yake da shekarunka ranar da aka karanta wasiƙar nan, 99 zai kasance ranar komawa gida. Yawancinsu a Babila aka binne su. Su ne mutanen da Allah yake ce wa na san shirin da nake da shi dominku, na alheri ne ba na masifa ba.

Ban ce kai ma saba'in zaka yi a ƙarƙashin lema ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake Allah yayi maka alkawari amma ba shi ya baka kalanda ba, mutum ne ya baka, kuma mutumin bashi da ita shi ma. Ni dai a ganina mai wa'azin da yake tsayawa duk 31 ga Disamba ya gaya wa mutum ɗari biyar cewa dukkansu shekararsu ce, ba tare da ya dawo a Nuwamba ya amsa tambaya ba, akwai haƙƙin matasa da yawa a wuyansa, na san wasu fastoci zasu ji haushina, toh su ji. Shi kuma shuka iri, baiko ibada ne, kayi shi da farin ciki gwargwadon ƙarfinka, amma Allah ba uwar adashe bane da zaka zuba ka ce ranar kaza ɗaukata.

Akwai wani abu a Hausarmu da nake so ka lura da shi. A coci muna cewa bege, Yesu ne begenmu. A bakin Bahaushe kuwa wa ake bege? Masoyi ake bege, wanda yayi nisa ake bege, 'yan'uwanmu Musulmi ma waƙoƙin begen Annabi suke yi. Ba a begen mota ko albashi, waɗannan buri ake ce musu, kuma buri ba laifi bane, ni ma nayi nawa buhu buhu. Abun da ya rushe maka buri ne ɗana, kuma yana da ciwo, kar kowa ya ce maka bashi da ciwo, Karin Magana 13:12 da kanta tace sa zuciyar da aka yi ta jan ta tana sa zuciya ciwo. Amma da buri da bege sun daɗe a ɗaki ɗaya a zuciyarka shi yasa da ɗaya ya faɗi ka zaci duka biyun ne.

Ni 'yar Wusasa ce, kuma in kana son ganin yadda lissafi yake wargajewa ka zo ka tambayi tsofaffinmu tarihin wurin. A 1900 'yan mishan, Bishop Tugwell da Dokta Miller da abokan tafiyarsu, suka isa Kano da babban buri, sarki yace su fice masa daga gari, suka dawo Girku, ɗaya daga cikinsu a can ya rasu. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905 yana makaranta yana magani, waɗanda suka bi shi 'yan kaɗan ne. Da wasu daga cikin Isawa, wata ƙungiyar Hausawa masu girmama Annabi Isa, suka karɓi bishara aka kafa musu gari a Gimi, kowa yace toh ga amsar addu'a ta zo, sai ciwon barci ya shiga garin ya kashe da yawa daga cikinsu, garin ya watse. A 1929 aka fito da mishan daga cikin birni zuwa gindin dutsen nan na Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa irin ginin Hausa, tana nan har gobe ka zo ka gani. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Daga ɗan tsirarun nan aka samu Dokta R.A.B. Dikko likita na farko ɗan Arewa, aka samu Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, Janar Gowon ma a nan ya taso. Amma ka tuna matar da ta binne 'ya'yanta a Gimi bata ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ina yawan tuna ta in na zauna a bencin cocin nan, ita da bata ga komai ba kuma bata saki ba.

Toh me Irmiya yace bayin nan su yi kafin saba'in ta cika? Yace ku gina gidaje ku zauna, ku dasa lambu ku ci, ku yi aure, ku nemi lafiyar garin da kuke ciki. Wato ku daina zama a kan akwati. Lemar nan ta Kwangila ita ce lambunka a yanzu, ka daina sunkuyar da kai, wanda kuka yi aji ɗaya in ya zo ka gaishe shi da ƙarfi ka cire masa kuɗi ka karɓi cajinka, wataƙila shi ma aron kuɗin mota yayi. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta shiga da fita, ka ware wani abu duk sati komin ƙanƙantarsa, ka nemi sana'ar hannu ɗaya da ta dace da karatunka ka koya da yamma, haɗa sola ne ko gyaran waya, ka cigaba da cike fom ɗin aiki amma kar ka sake ba kowa ko sisi. Mutumin da ya cinye adashen mama ku kai maganarsa gaban dattawan ikilisiya da kuma 'yan sanda, yafiya daban rufa wa ɓarawo asiri daban, gobe wata uwar zai cuta. Ka kuma zauna da mamanka kuyi maganar kuɗin nan baki da baki, na tabbata ramar da kake yi tafi kuɗin damunta.

Coci kuma kaje ko da a bencin baya zaka zauna baka ce uffan ba. Mutum biyun nan na hanyar Imuwasu a Luka 24 barin Urushalima suke yi, suna cewa da muna sa zuciya shi ne, kaji kalmar, da. Yesu bai fara da faɗa ba, tambayarsu ya fara yi me kuke tattaunawa, ya barsu suka amayar da abun da yake cikinsu. In inda kake zuwa ba a barin mutum ya faɗi irin wannan, akwai majami'u da yawa a Zariya. In kuma barci ya ƙaurace maka, abinci baya shiga, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kar ka tsaya a azumi, ka gaya wa wani babba a ranar, akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Shika kuma zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya bane.

TAMBAYA

Mama ina gaisuwa. Shekarata 11 da aure ban taɓa ko ɓari ba. Mun je asibiti, ni kaɗai ake ta yi wa gwaji, maigida yace shi lafiyarsa lau. Dangin miji sun daina ɓoye maganar, ko a taron suna sai an jefo min habaici. Kowa in ya ganni sai yace ki tuna Hannatu ki tuna Saratu da suka haihu bayan dogon jira, naji har na gaji. Ranar iyaye mata in aka ce uwaye su miƙe tsaye sai in fita waje kamar zan amsa waya. Wata ta kawo min labarin wata mata da take ba da magani ciki ya shiga amma sikanin baya ganinsa. Mama in na haƙura na daina sa rai nayi rashin bangaskiya kenan?

'Yarki daga Sabon Gari

AMSA

'Yata, zan gaya miki abun da ban taɓa rubutawa a shafin nan ba. Mamar nan da kuke kira bata taɓa haihuwa ba. Shekara 38 muka yi da maigidana kafin Ubangiji ya kira shi, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

A shekarar farko ta aurenmu na saƙa mayafin jariri da kwarashi, zaren ulu fari da ruwan ɗorawa, na ninke na sa a ƙasan akwatin ƙarfe da kafur. Duk hunturu sai in fito da shi in shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani in mayar. A shekara ta goma sha huɗu wata yarinya maƙociyarmu ta haihu da tsakar dare, mijin baya gari, ko tsumman kirki babu, ga sanyi kamar me. Na buɗe akwatin na ɗauko na kai musu, na naɗe jaririn da hannuna, na dawo na zauna a gindin murhu nayi kukan da ban taɓa yi ba har aka yi kiran asuba a masallacin unguwa. Na san yadda ake ba da irin wannan labari a wajen shaida, sai a ce bayan wata tara sai ga ciki. Toh ni babu cikin da ya zo. Abun da ya zo shine washegari na iya yin addu'a ba tare da na fara da maganar ba, karo na farko a shekara goma sha huɗu. Daga baya na riƙe yara huɗu, uku na ƙanena ɗaya ɗalibata ce marainiya, ba zan yi miki ƙarya in ce sun cike gurbin ba, nasu gurbin daban ne kuma babba ne, wancan ɗin yana nan, ranar iyaye mata har yanzu yakan ɗan motsa.

Masu ce miki Hannatu da Saratu ba ƙarya suke ba, amma Littafin bai tsaya a nan ba. Na'omi ta dawo Baitalami tace kar a kira ni Na'omi a kira ni Mara dan Mai Iko Dukka ya ɗanɗana min ɗaci, kuma ba a goge maganarta ba. Zabura 88 da duhu ta ƙare, babu amin mai daɗi a ƙarshenta, kuma waƙar sujada ce. Ibraniyawa 11 da muke kira surar bangaskiya tace waɗannan duk sun mutu basu karɓi abun da aka alkawarta ba. Samarin nan uku a gaban tanderu a Daniyel 3 cewa suka yi Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai cece mu ba, ba zamu yi wa gunkin sujada ba. Ni ban san bangaskiyar da ta wuce wannan ko da ba. Dan haka ki roƙa in dai zuciyarki tana so, ki huta in kin gaji, babu wanda yake zunubi a ciki.

Abu biyu kuma da babu wasa a cikinsu. Maigida yaje a gwada shi, gwajin namiji yafi naki sauƙi da araha, kuma sau da yawa matsalar daga wajen namiji take ko daga su biyun, lafiyata lau ba sakamakon gwaji bane. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, fastonku ko wansa, ba a gaban dangi ba. Ita kuma mai cikin da sikanin baya gani, ki gudu, kar ki tsaya ko sallama. Babu cikin da yake girma wata da watanni na'ura bata ganinsa, allurai da magunguna suke ɗura wa mata ciki ya kumbura su kwashe musu kuɗi, ƙarshenta wasu a miƙo musu jaririn da ba a san daga ina aka samo shi ba. Fastocinmu kuma dan Allah ranar iyaye mata ku san yadda zaku tsara maganar nan ta miƙewa tsaye, ba kowace mai fita amsa waya bace aka kira ta.

TAMBAYA

Mama ni manomi ne a hanyar Giwa. Na ci bashi na sayi taki da tsada na noma masara, Allah ya ba da amfani, sai farashi ya faɗi, ko na sayar duka ba zai biya bashin ba. Matata tace in riƙa karanta Habakuk 3:17, wurin maganar yin farin ciki da Ubangiji ko gona bata ba da komai ba, amma ni in na karanta haushi nake ji dan mai bashi baya jin Habakuk.

Ƙaninki

AMSA

Ƙanena ka bani dariya ka bani tausayi. Gaskiyarka, mai bashi baya jin Habakuk, shi yasa zaka je ka same shi tun kafin ya zo ya same ka, ka tafi da dattijo ɗaya, ku rubuta abun da zaka iya biya yanzu da abun da zai jira, kunyar zuwa tafi kunyar a yi maka sallama da sammaci sauƙi. Ka ware abincin gida tukuna kafin ka sayar da ko tiya, kuma duk matsin da za a yi maka kar ka sayar da gonar. Damina mai zuwa kar ka zuba komai a masara, ka raba da waken soya ko wake tunda basu cin taki kamarta kuma suna gyara ƙasa, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR nan a Samaru kusa da kai, kaje kayi tambaya kan iri.

Madam kuma bata yi laifi ba, sai dai ka fara daga sura ta 1, a can Habakuk faɗa yake yi da Allah yana cewa har yaushe zan yi ta kuka baka ji ba, sai da yayi surori biyu yana wannan kafin ya kai ga ayar da take nuna maka, kai ma a barka ka bi ta hanyar.

Wadda ta rubuto kan rikicin gadon gidansu a Tudun Wada ki ƙara haƙuri sai wata mai zuwa, shafi ya cika, kuma ki sake turo min saƙon dan rabinsa bai shigo ba.